Hular Auren Mamka

Jedlovec, 11 ga Maris, 1946

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Zuwa ga ɗan uwana Vendelin, babban mai zane na Bratislava, wanda ya manta hanyar gida.

Ni ce Dorota, 'yar Matej mai saran itace, in dai kana tuna wadda ta tura ka rafin bayan coci kana ɗan shekara tara. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ko ka zama minista dole ka karanta wannan mummunan rubutun nawa. Ina gaishe ka, ina gaida matarka da ban taɓa gani ba. Mu dai muna nan da rai. Ƙanƙara ta fara narkewa, dankalin da muka ajiye rabi ya ruɓe, mijina Imrich yana daji, tarin nan nasa kuwa kamar an ɗaura musu aure. Mamka, uwata, ƙafarta ta hagu tana kumbura, amma ka san ta, in ka ce ta zauna sai ta ɗauko tsintsiya.

Ba don gaisuwa na sayi kan sarki ba, gara in faɗa maka tun yanzu. Ranar Lahadi da aka fito daga coci muka tarar an manna takarda a ƙofar ofishin kwamiti, jerin Jamusawan da za a kwashe a kai Jamus. Suna goma sha ɗaya daga garin nan. Na bakwai uwata ce. Hermina, matar marigayi Matej, shekara sittin da tara.

Ka ji fa. Matar da ta shigo garin nan tana 'yar shekara ashirin, ta haifi bakwai, ta binne huɗu a bayan cocin nan. To, ba ƙarya suka yi mata ba, a Peterhau aka haife ta, ƙauyen Jamusawan nan na bayan dutse. Lokacin ƙidayar shekarar talatin mai ƙidayar ya tambaye ta da wane yare uwarta ta raine ta, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Iyakar laifin ke nan. Jamus ɗin ko a mafarki ba ta taɓa ganinta ba. Kowa kuma ya san Gaspar shugaban kwamiti tun ran da aka binne Baba idonsa ke kan fadamar ciyawarmu ta bakin rafi, kuma duk abin da Bajamushe ya bari na hukuma ne.

Na je gunduma na wuni a tsaye. Wani magatakarda mai kirki ya ja ni gefe ya ce akan cire suna in wani mai faɗa-a-ji ya rubuta cewa ya san mutum, kuma mutumin ya yi wa ƙasa wani abin kirki. Ya ce, ko kina da wani babba a birni? Yana magana ni kuwa bangon bayansa nake kallo. Kalanda ce a rataye, Mamka a kanta tana kallona, hannuwanta biyu a kan cinya. A ƙasa an rubuta Uwar Ƙasa, ga sunanka a gefe. Saura kaɗan in yi dariya a ofishin mutane.

Vendelin, mako uku ta zauna maka a bakin taga a shekarar talatin da bakwai, ana tsakiyar yankan ciyawa, kana cin halushkinta, ɗan waken dankalin nan, da cukun tumaki kana cewa kada ta motsa. Zanen ya kai ka inda ya kai ka, ba mu taɓa neman ko allura ba. Yau layi biyu nake roƙo. Ka rubuta cewa matar da ke bangon ofisoshinsu ita ce Hermina ta Jedlovec, ka sa hannu. Ban gaya mata na rubuto maka ba.

'Yar uwarka,
Dorota, 'yar Matej

Bratislava, 2 ga Afrilu, 1946

Har abada, amin.

Dorota, masifaffiya, ashe bakin nan yana nan? Rafin ban manta ba, har yau in kunnena ya yi ciwo ke nake tsine wa. Muna lafiya, mai ɗakina da 'yan matana biyu suna gaishe ku. Birni ba daɗi, rabin titinmu har yanzu kango ne, gawayi sai da layi. Ki gaida Imrich, ya riƙa shan zuma da ruwan zafi.

Labarin goggona, Tetka Hermina, ya tsaya min a rai. Na karanta wasiƙarki sau uku. Babu ranar da ba na ganin fuskarta, don a watan Mayu za a buɗe babban baje kolin zane, na farko tun bayan yaƙi, kuma ita za a sa a bangon da ke kallon ƙofa. Kin san abin da wannan ke nufi? Shekara ɗaruruwa baƙi suna zana mu daga baya, makiyayi da sanda, ado a gindin tsauni, ba fuska ba suna. Ni na ce a'a, ga mu nan. Na zana kowane layi na goshinta, na zana ƙaramin yatsanta da lauje ya karkatar, ban ƙara ba ban rage ba. Ban taɓa yin ƙarya da buroshi ba, wannan ko maƙiyana sun shaida.

Amma maganar nan sai an bi ta a hankali. Garin nan yanzu bango ma kunne gare shi, kowa yana tonon kowa. Don Allah kada ki ambaci zanen a gaban kwamiti, ko wurin fada limamin coci, ko wurin maƙwabta, sai na ce miki. Na tambaya, an ce min tsofaffi su ne na ƙarshe a tafiya, akwai lokaci.

Abu ɗaya nake so ki yi min da gaggawa. Hular nan mai jan zare da Tetka ta sa a zanen, tana nan? Ki naɗe ta da kyau ki aiko min kafin ƙarshen wata. Akwai manyan da ya kamata su gan ta da idonsu.

Ki kwantar da hankalinki, ki sumbaci hannun Tetka a madadina.

Naki,
Vendelin

Jedlovec, 14 ga Afrilu, 1946

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Vendelin, Allah ya saka maka. Wasiƙarka ta zo ran Alhamis, na yi barcin da rabona da shi tun Maris. Muna lafiya, saniya ta haihu, mace. Na gane dabararka sarai: ka kai wa manyan hula, ka ajiye ta kusa da zane, su ga zare ɗaya ne, sannan ka ce ga mai ita. Ashe birni bai cinye maka wayo duka ba. Bakina kuma a ɗinke yake.

Ga hular nan a kwali. Amma ina so ka san abin da ka roƙa, don na tabbata ba ka sani ba, kai da ka bar nan tun ba ka fara aske gemu ba.

A garin nan uwar miji ce ke ɗinka wa amarya hular aure. Washegarin biki dangin miji su zaunar da ita, su cire mata furen 'yan mata, su ɗora mata hular da hannunsu. Daga ranar ta zama tasu. Ta sa ta shekara guda, ta ninke ta ajiye a akwati, ba za ta sake hawa kanta ba sai ran da aka kwantar da ita a akwatin gawa. Kakata ta ɗinka wannan tun Baba bai fara zance ba, hunturu biyu tana kanta. Da ya kawo 'yar Peterhau sai tsohuwa ta kulle hular ta rataye makullin a wuya. Ta ce kan Bajamushiya ba zai ga zarenta ba. Haka Mamka ta yi shekara arba'in da baƙin ɗankwali, a coci tana zama a bencin baya. Kaka ta mutu, Baba ya mutu, hular tana akwati, babu wanda ya iya taɓa ta.

Sai ga ka, da kwalaben fentinka. Ka ce baƙin ɗankwali ba ya ɗaukar haske, ka buɗe akwatin mutane ba sallama kana bincike, ka zaro ta ka ce yauwa, ga abin da nake nema. Ka zare mata ɗankwali ka ɗora mata da hannunka. Ina tsaye da bokitin madara, saura kaɗan ya suɓuce. Kai ko a jikinka, kana ta gyara mata gefen kunne. Ka tuna ta yi hawaye ka ce hasken taga ne ya yi mata yawa?

Garin nan ya sha dariya. Wai amarya mai shekara sittin, wai namiji ne ya sa mata, ina aka taɓa yi. Har yau matan nan in suka ga kalandar sai su taɓa juna, su ce mutanen birni sun rataye gwauruwa da hular amarci suna cire mata tagiya. Mamka ba ta kula su ba. Ran da ka tafi ta ce min, "Jinin Matej ne. Ko namiji ne, ko bai sani ba, dangin miji ne suka sa min." Lahadin da ta biyo baya ta wuce bencin baya ta zauna a na uku, kuma a nan take zama har yau.

Tun daga ranar hular take saman kayan likkafaninta. Da na gaya mata kai ke nema, na ɗauka za ta hana. Sai ta tashi ta ɗauko da kanta, ta zuba busasshen ganyen korar asu a kwalin, ta ce in Vendelin ne a ba shi. Ta ce kada a wanke ta da sabulu, kuma ka dawo da ita da wuri, don mai shekarunta ba ya nisa da kayan tafiyarsa.

'Yar uwarka,
Dorota

Jedlovec, 9 ga Yuni, 1946

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Vendelin, da fatan kana lafiya, don in ba ciwo ba ban san abin da zai hana mutum riƙe alƙalami mako takwas ba. Na rubuto sau biyu a Mayu. Mai kawo wasiƙu yanzu in ya hango ni tun daga gada yake girgiza kai. Mu lafiyarmu ƙalau, in ana kiran wannan lafiya.

An sa rana. Biyu ga Yuli, da tsofaffin da yaran duka, kowa da ƙunshin da zai iya ɗauka. Wanda ya ce maka tsofaffi ne na ƙarshe, ka gaishe min da shi.

Da na ji haka na karya alkawarin da na yi maka. Na ciro kalandar makaranta daga ƙusa, na kama hannun Mamka, muka tafi ofishin kwamiti. Gaspar yana zaune da mutum huɗu suna shan taba. Na shimfiɗa kalandar a teburinsa, na ɗora hannun Mamka na hagu a kai, yatsa kusa da yatsa. Na ce ku duba, ku da kuka san ta tun kuna tsirara, wace ce wannan? Babu wanda ya ɗaga kai. Duk sun sani, wasunsu ma sun leƙa taga lokacin da kake zanen.

Gaspar bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya jawo aljihun tebur ya fito da jarida, ka ga alama ajiye ta ya yi yana jirana. Ya gyara murya ya karanta a hankali, kamar fada a kan mumbari. Hira ce da kai ran buɗe baje kolin. An tambaye ka wace ce Uwar Ƙasa. Zan rubuta maka amsarka, ko ka manta: wai gwauruwar wani makiyayi ce ka iske a can saman tsauni, 'yar Slovak tun kaka da kakanni, ko sunanta ba ka tambaya ba, ta rasu tun kafin yaƙi, hularta kaɗai ta bar wa ƙasa.

Ya ninke jaridar ya ce, "To Dorota, da wa za mu yarda, da ke ko da mai buroshi? Shi ya ce ta mutu. In uwarki ce wannan, gawa kika kawo min ke nan, gawa kuwa ba ta da fadama."

Suka yi dariya, ba duka ba. Mamka ce ta miƙa hannu ta ce a ba ta jaridar ta gani. Akwai hoto: zanenka a bango, a ƙarƙashinsa akwatin gilashi, hular a ciki a kan wani kan katako, ga maza da kwat suna kewaye. Ta kai ta kusa da ido ta daɗe tana dubawa. Sai ta ce, "Sun sa ta a juye." Ta ajiye jaridar ta yi musu sai an jima, muka fito.

Su ne manyan da ya kamata su gan ta ke nan? Ni da wautata na ɗauka shaida za ka kai. Ashe kayan ado ka rasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi.

Duk da haka ina roƙonka, ka ga yadda na zama. Saura kwana ashirin da uku. Ka ce ɗan jarida ne bai ji da kyau ba, ka ce ka rikice, ka ce duk abin da ka ga dama. Layi biyu, Vendelin. In kan sarki ne babu, ga shi na sako maka a ciki.

Dorota

Jedlovec, 3 ga Yuli, 1946

Vendelin,

Sun tafi jiya da hantsi. A keken doki aka kai su tasha, daga nan sansani, daga nan wai jirgin ƙasa. Ta share ɗaki kafin ta fita, ta nuna min inda irin kabeji yake, ta je bayan coci ta cire ciyawar kan kabarin Baba da na yaranta huɗu. Ta tsaya a gefen Baba inda aka bar mata wuri, ta auna shi da ƙafa, ban san don me ba.

Ƙunshinta bargo ne da tukunya da kayan likkafaninta. Da tana ɗaurewa na ga ta sa hannu a saman kayan ta shafa wurin da babu komai. Har keken ya tashi tana waiwayen gada, ko mai wasiƙu zai ɓullo. Ta ce in kwalin ya iso in bi ta da shi.

Na so in bi ta, an ce ni ba Bajamushiya ba ce, ba ni da izini. Surukin Gaspar ya fara yankan fadama yau da safe, ina jin ƙarar laujensa daga nan.

Dorota

Bratislava, 8 ga Satumba, 1946

Dorota,

Ina fata kuna lafiya, ke da Imrich. Ni ba ni da ita sosai, tun Yuni ban gama zane ko ɗaya ba. Wasiƙunki duka sun iso. Na san abin da kike kirana a ranki, ba zan ce ki daina ba, amma ki ji nawa.

Kin san zanen nan gwamnatin lokacin yaƙi ma ta so shi. Sun rataye shi a zaurukansu, sun ba ni lambar yabo, na karɓa, don wanda ya ƙi karɓa a lokacin ya san sauran. Yanzu an kafa kwamitin da ke tace mu ɗaya bayan ɗaya. Abokin aikina a makarantar zane, don kawai ya zana matar wani hafsan Jamus, an kore shi, yau yana sauke gawayi a tasha. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai ka san abin yi. Ranar da ɗan jaridar ya tambaye ni, mutum biyu daga wannan kwamitin suna tsaye a bayana. In na ce Uwar Ƙasa 'yar Peterhau ce, me kike tsammani? Za su ce shekara tara ina yi wa al'umma dariya, na sa ta durƙusa wa Bajamushiya. Ba za su cire sunan Tetka ba, nawa za su ƙara. Ina da 'ya'ya biyu.

Kuma akwai abin da ba za ki gane ba sai kin tsaya a zauren nan. Na ga mata da suka rasa 'ya'yansu a yaƙin tsauni suna kuka a gabanta. Na ga wani tsohon soja ya cire hula ya ce uwarsa ce sak. Zanen ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin Tetka, na mutane ne yanzu. Ƙasa ƙarama da ta fito daga irin wannan wuta tana bukatar fuskar da za ta kalla. In ƙwace musu?

Layi biyun na rubuta su, Allah ya sani, tun Afrilu. Suna aljihun teburina. Na ce bari a buɗe baje kolin, sannan na ce bari a gama tace ni. An wanke ni ran goma ga Agusta, washegari na aika takardar gunduma. Suka maido min da ita, wai mai sunan ta riga ta ƙetare iyaka.

Hular gidan tarihi ya karɓe ta, amma ina bin hanya, zan karɓo. Ga hoton zanen na sako miki, bugu mai kyau, ba irin na kalanda ba. In kin sami adireshin Tetka ki turo min.

Ɗan uwanki duk da haka,
Vendelin

Jedlovec, 16 ga Fabrairu, 1947

Vendelin,

Ban buɗe da yabon Ubangiji ba don kada ka amsa min da amin. Lafiya kuma ka ce an wanke ka, to madalla, ba sai na tambaya ba. Mu muna nan. Wata biyar wasiƙarka tana bayan agogo, in na ɗauko alƙalami sai in ji abin da zan rubuta ba na ɗiyar Hermina ba ne, sai in ajiye.

Ka ce in turo adireshi. Babu bukata. Wata mata 'yar Peterhau da suka zauna ɗaki ɗaya a wani barikin katako a Bavariya ta ƙasar Jamus ta rubuto min. Mamka ta rasu ran sha tara ga Janairu. Ƙafar ce ta hau har ƙirji, ga sanyi.

Matar ta ce mutanen can ba sa gane Jamusancin Mamka, irin na bayan dutse ne, na kakannin kakanni, kuma rabinsa ya gauraye da namu. In ta je karɓar miya sai yaran gari su bi ta suna kwaikwayonta. Ka san sunan da suka sa mata? 'Yar Slovak. Shekara arba'in da tara a garin nan babu bakin da ya taɓa kiranta haka, sai can, kuma zagi ne. Matar ta ce in sun kira ta haka juyowa take ta amsa.

Na karanta dalilanka, har Imrich na karanta wa. Ya ce tsoro ba abin kunya ba ne, shi ma ya ji shi a daji lokacin yaƙi. Na yarda. Da ka rubuto min a Afrilu ka ce Dorota, tsoro nake ji, ba zan iya ba, da na zage ka na huce, na nemi wata ƙofar tun da sauran lokaci. Amma ka ce in ɗinke bakina, na ɗinke wata biyu, ka kuma karɓe abu ɗaya da ta mallaka. Kana ta faɗin ba ka taɓa ƙarya da buroshi ba. Gaskiya ne, ko yatsan ba ka gyara ba, da baki ka yi taka. Matan da ke kuka a zaurenku kuwa, da ka gaya musu wace ce, wataƙila wasu su tofa yawu, wataƙila wata ta ci gaba da kukanta. Ba ka bar su sun zaɓa ba.

Hoton da ka aiko na kai shi bakin murhu sau biyu. Na kasa, don Mamka ba ta taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba, ba ni da wata fuskarta a duniya sai wadda ka zana. Wannan ne ya fi ci min rai a cikin abin duka. Na sa almakashi na datse ƙasan, inda aka rubuta Uwar Ƙasa da sunanka, na rataye sauran a bakin tagar da ta zauna maka.

Ta bar maka saƙo, matar ta rubuta shi yadda ta faɗa, ni kuma amana ce, dole in isar. Ta ce: "A gaya wa Vendelin ban riƙe shi a rai ba. Shi ya sa min, shi ya cire. Dangin miji ne, suna da iko. Amma ya gaya wa mutanen nan su juya ta, jan zaren nan goshi yake kallo, kada a ce uwar Matej ba ta iya ɗinki ba."

Na isar. Ita ta yafe, ni ban kai ta ba, kuma ba na jin zan kai.

Kada ka wahalar da kanka wajen karɓo hular, babu kan da za ta hau. Matar ta ce sun yi mata sutura da kayan da ta zo da su, komai ya cika, sai na kai ne babu. Suka ɗaura mata baƙin ɗankwalinta.

Dorota, 'yar Hermina ta Peterhau